HANGEN DALA BA SHIGA BIRNI BA NE: Mutanen Sheda Da Burin Sabon Shugaba

Wannan shi ne cikakken jawabin da aka karanta wa taron manoma da 'yan kasuwa da samari a garin Sheda, cikin Ƙaramar Hukumar Kwali ta Yankin Babban Birnin Tarayya, game da irin burin da jama'a kan ɗora wa shugaban da suka zaɓa.



Duk ranar da aka rantsad da sabon Shugaban Ƙasa a Nijeriya akan wayi gari da murna, ana kaɗe-kaɗe da bushe-bushe, kowa yana lissafin abin da zai samu. Manomi na sa ran taki ya yi araha. Mai mota na sa ran a gyara hanya. Uwa na sa ran ɗanta da ya gama makaranta ya sami aiki kafin kaka. Wannan buri ba laifi ba ne, gama wanda ya bar gonarsa ya sha rana a kan layi don jefa ƙuri'a yana da ikon ya tambayi abin da ƙuri'arsa ta haifa. Amma ya kamata a tsaya a auna burin, a san wanda ke da tushe da wanda ba shi da shi, domin yawan buri shi kan kawo yawan ɓacin rai, ɓacin ran jama'a kuwa ya sha buɗe wa soja ƙofa a ƙasar nan.

ABIN DA YA SA MAGANAR TA FI SHAFAR SHEDA

Mutumin Kano ko na Katsina in ya fusata da Gwamnatin Tarayya yana da gwamnan da ya zaɓa da Majalisar Dokokin jiharsa, inda zai kai kuka. Mutumin Sheda ba shi da wannan. Bisa ga tsarin mulkin ƙasa, Yankin Babban Birnin Tarayya ba shi da gwamna, ba shi kuma da majalisar jiha. Shugaban Ƙasa shi ke riƙe da ikon gwamna, shi ke naɗa Ministan da zai tafiyar da yankin a madadinsa, Majalisar Tarayya kuwa ita ke yi wa yankin doka, ita ke amincewa da kasafin kuɗinsa. Wakilan yankin a can su uku ne tak, watau sanata ɗaya da 'yan Majalisar Wakilai biyu. Saboda haka ƙuri'ar da mutumin Sheda ke jefa wa ɗan takarar shugabancin ƙasa ƙuri'a biyu ce a dunƙule, ta shugaba da ta gwamna.

Asalin wannan hali ya faro ne tun ran 3 ga watan Fabrairu na 1976, sa'ad da gwamnatin marigayi Janar Murtala Muhammed ta kafa doka mai lamba 6, bayan ta karɓi shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda cewa a ɗauke hedkwatar ƙasa daga Ikko a kawo ta tsakiyar Nijeriya. Aka yanko ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita wajen dubu 8 daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci, aka mallaka wa Gwamnatin Tarayya ita baki ɗaya. Tsohon garin Abuja ya ba da sunansa ga sabon birni, shi kuma ya koma Suleja. Gbagyi da Bassa da Ganagana da Gade da Gwandara da Koro da sauran mazauna ƙauyukan suka kwana a gonakin kakanninsu, suka tashi aka ce gonakin na gwamnati ne. Kwana goma bayan kafa dokar aka kashe Murtala.

Da farko niyyar gwamnati ita ce a kwashe dukan mazauna yankin a sake musu matsuguni a waje. Da aka ga yawan kuɗin da abin zai ci, sai gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta sake shawara cikin 1978, ta ce waɗanda aikin ginin birni ya taɓa su kaɗai za a tayar. Sauran suka zauna, amma zama irin na mai jiran tsammani. A cikin wannan hali zaɓen 1979 ya same su.

SHEKARAR 1979

Waɗanda suka manyanta a wannan taro ba su manta da irin ɗokin da aka yi a wannan shekara ba. Soja sun shekara goma sha uku suna mulki, tun daga Janairun 1966, a ciki har da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Man fetur yana tsada a kasuwannin duniya, Naira tana da daraja. Jam'iyyu biyar suka shiga takara: NPN ta tsai da Alhaji Shehu Shagari, UPN ta tsai da Cif Obafemi Awolowo, NPP ta tsai da Dokta Nnamdi Azikiwe, GNPP ta tsai da Alhaji Waziri Ibrahim, PRP kuwa ta tsai da Malam Aminu Kano.

Alhaji Shehu Shagari tsohon malamin makaranta ne, mutum mai sauƙin kai, wanda ya riƙe muƙaman minista tun zamanin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sanannen abu ne cewa kujerar sanata ya so ya nema, amma babban taron jam'iyyarsa da aka yi a Ikko cikin Disamban 1978 ya zaɓe shi a kan manyan mutane irin su Alhaji Maitama Sule da Malam Adamu Ciroma. Alamar jam'iyyar gida ce da masara, kirarinta kuwa aminci. Ko wanda bai iya karatu ba ya gane saƙon: wurin kwana da abin sa wa a baka.

A zaɓen ran 11 ga Agusta, Shagari ya sami ƙuri'a miliyan 5 da dubu ɗari 6 da 'yan kai, Awolowo ya bi shi da miliyan 4 da dubu ɗari 9. Aka yi gardama a kan ko ya cika sharaɗin samun rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19, tun da a jihohi 12 ya samu, a Kano kuwa ya tsaya wajen kashi 20 cikin ɗari. Kotun Ƙoli ta raba gardama ran 26 ga Satumba, ta tabbatar masa da nasara. Ran 1 ga Oktoba Janar Obasanjo ya miƙa masa ragamar mulki a Dandalin Tafawa Ɓalewa da ke Ikko.

Tun daga ranar aka fara jiran gida da masara. Gwamnati ta fito da shirin bunƙasa aikin gona cikin 1980 da nufin ƙasa ta ciyar da kanta. Ta yi alkawarin gina gidaje dubu 2 kowace shekara a kowace jiha da kuma Abuja. A wannan yanki kuwa burin ya fi na ko'ina girma, domin sabon shugaban ya ɗauki ginin Abuja da muhimmanci ƙwarai, har ya so a taso daga Ikko kafin shekarar 1986 da aka tsara tun farko. Manyan motoci suka cika hanya, 'yan kwangila suka yi ta kwarara, kowane ƙauye ya ɗauka birni ya kusa isowa ƙofar gidansa.

ABIN DA AKA SAMU DA ABIN DA AKA RASA

Adalci ya wajabta a faɗi abin da aka yi. A zamaninsa aka buɗe matatar mai ta Kaduna cikin 1980, da masana'antar ƙarfe ta Aladja cikin 1982, aka kuma ci gaba da aikin Ajaokuta. An kafa jami'o'in fasaha na Tarayya a garuruwa irin su Bauchi da Yola da Makurɗi da Minna. Cikin 1981 aka kafa dokar mafi ƙarancin albashi ta Naira 125 a wata, bayan yajin aikin ma'aikata. A zamaninsa ne Gwamnatin Tarayya ta karɓi mulkin ƙauyukan wannan yanki daga hannun tsofaffin jihohinsu. Ran 1 ga Oktoba, 1982, a Abuja aka yi bikin ranar samun 'yancin kai.

To, amma akwai abubuwa guda biyu da masu murnar 1979 ba su sa cikin lissafi ba.

Na farko, shugaba ba shi kaɗai ke mulki ba. NPN tana da sanatoci 36 ne cikin 95, da wakilai 168 cikin 449, da gwamnoni 7 cikin 19. Tilas ta ƙulla yarjejeniya da NPP kafin ta iya tafiyar da al'amura a majalisa, yarjejeniyar kuwa ta wargaje cikin 1981. Shugaba ba ya iya taɓa ko kwabo na gwamnati sai majalisa ta amince.

Na biyu, baitulmalin Nijeriya a kan ƙafa ɗaya yake tsaye, watau man fetur, farashinsa kuwa ba a Ikko ake yanke shi ba. Cikin 1981 mai ya yi kwantai a kasuwannin duniya. Ƙasar da ke haƙo fiye da ganga miliyan 2 kowace rana a 1979 ta koma ba ta kai miliyan ɗaya da rabi ba a 1982. Tsakanin 1980 da 1983 kuɗin da ake samu daga mai ya ragu da fiye da rabi. Cikin Afrilun 1982 gwamnati ta kafa dokar tsuke bakin aljihu. Masana'antu suka fara sallamar ma'aikata, malaman firamare a jihohi da dama suka yi watanni ba albashi, shinkafa da madara da sabulu suka yi wuya. Gidajen da aka gina ba su kai rabin waɗanda aka yi alkawari ba, waɗansu kuma an gina su a bayan gari inda babu ruwa babu hanya.

Ba faɗuwar mai kaɗai ce ta jawo ba. An yi ta ƙorafi a kan yadda ake rabon lasin shigo da shinkafa, da yadda ake ƙara kuɗin kwangiloli, har da na ginin Abuja. Ko da yake mutane da yawa sun shaidi Shagari da rashin kwaɗayin abin duniya, shaidar ba ta rufe dukan waɗanda ke kewaye da shi ba. Ya sake cin zaɓe cikin Agustan 1983, zaɓen da 'yan hamayya suka ce an yi maguɗi. Wata uku bayan rantsuwa ta biyu, ran 31 ga Disamba, soja suka kifar da gwamnatin. Abin baƙin ciki, da yawa daga cikin bakunan da suka yi guɗa a 1979 su ne suka sake yin guɗa ranar juyin mulki. Sakamakon guɗar nan shi ne ƙasa ta ƙara shekara goma sha biyar da 'yan watanni ba ta da zaɓaɓɓen shugaba a kan kujera, har zuwa ran 29 ga Mayun 1999.

BA A NIJERIYA KAƊAI BA

Maƙwabta ma sun ɗanɗana irin wannan. A Gana an rantsad da Dokta Hilla Limann cikin Satumban 1979, mako guda kafin Shagari, jama'a na cike da fata. Ya gaji baitulmali wayam, ran 31 ga Disamban 1981 Jerry Rawlings ya tumɓuke shi. A Jamhuriyar Nijar an zaɓi Alhaji Mahamane Ousmane, mutumin Damagaram, cikin 1993 a zaɓen farko na jam'iyyu da yawa. Kafin ya cika shekara aka karya darajar Sefa da rabi cikin Janairun 1994, rigima ta ɓarke tsakaninsa da majalisa, soja suka karɓe mulki cikin Janairun 1996.

A gida kuma abin ya sake maimaita kansa. Cikin 2015 marigayi Muhammadu Buhari ya kada shugaba mai ci, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin ƙasar nan. An ga mutanen da suka yi tattaki a ƙasa daga garuruwa masu nisa zuwa Abuja don murna. Waɗansu sun ɗauka cikin wata shida za a gama da tsada da cin hanci da 'yan ta'adda. Amma gangar mai da ta haura Dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo wajen Dala 30 a farkon 2016. Ba a rantsad da ministoci ba sai cikin Nuwamban 2015. Cikin Mayun 2016 litar fetur ta tashi daga kusan Naira 87 zuwa 145, a shekarar kuma tattalin arziki ya ja da baya. Ran 29 ga Mayun 2023 kuwa, a cikin jawabinsa na rantsuwa, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 a Abuja. Matar da ke sayar da doya a bakin hanyar Lokoja ta ji wannan jawabi a kuɗin mota kafin ta ji shi a rediyo.

MAI SHUKA BA LALLE SHI KE GIRBI BA

Garin Sheda kansa shaida ne cewa aikin gwamnati yana ɗaukar lokaci. Murtala ya yanke shawara a 1976, Shagari ya zuba kuɗi da ƙarfi, amma ba a taso daga Ikko ba sai ran 12 ga Disamban 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Manyan ma'aikatun da suka sa aka san sunan Sheda a faɗin ƙasa, watau Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da Hukumar Binciken Ilmi da Tsara Manhaja, cikin 1988 aka kafa su, Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda kuma ta biyo baya a farkon shekarun 1990. Ƙaramar Hukumar Kwali sai 1996 ta samu. Kwangilar mai da hanyar Abuja zuwa Lokoja tagwaye an ba da ita cikin 2006, shugabanni huɗu a jere suka hau suka tarar ba a gama ba. Wanda ya yi guɗa a 1979 yana saurayi, da furfura ya ga yawancin waɗannan abubuwa.

Wannan ba ya nufin a naɗe hannu a yi shiru. Alkawari kaya ne, wanda ya ɗauka tilas a tambaye shi. Abin da ake bukata shi ne a san abin da za a tambaya da lokacin tambayarsa.

ABIN DA YA HALATTA A SA RAI DA SHI

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Akwai abubuwan da ba su bukatar tsadar man fetur, ba su kuma bukatar shekaru, suna hannun sabon shugaba tun daga ranar farko.

Na ɗaya, gaskiya game da abin da ya tarar. Shugaban da ya faɗa wa jama'a yawan bashin da ke kan ƙasa da abin da ke cikin baitulmali ya rage wa kansa rabin zargi. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bar misali cikin 2007, sa'ad da ya amsa a bainar jama'a cewa zaɓen da ya kawo shi yana da kurakurai, ya kuma bayyana kadarorinsa kowa ya gani.

Na biyu, irin mutanen da zai naɗa. Darasin Jamhuriya ta Biyu ke nan: kyawun halin shugaba ba ya isa in na kusa da shi ba su da tsoron hukunci. Ga mutanen wannan yanki babu naɗin da ya kai na Ministan Abuja nauyi, domin a hannunsa takardun filaye suke.

Na uku, adalci a kan ƙasa. In gwamnati za ta karɓi gona don aikin jama'a, a sanar da mai ita tun da wuri, a biya shi diyyar da ta dace, a kuma nuna masa inda zai koma ya yi noma. Manomin da aka raba da gonarsa ba tare da madadi ba an raba shi da abincinsa da gadon 'ya'yansa gaba ɗaya. Ƙasar da ta sa hoton Ladi Kwali a takardar Naira 20 saboda gwanintarta a ginin tukwane, bai kamata ta manta da dangin da ta bari a ƙauyukan nan ba.

Na huɗu, tsaron rai da dukiya, yadda manomi zai kwana a gida ya je gona ba tare da fargaba ba.

Na biyar, gama ayyukan da aka gada kafin a ɗauko sababbi. Rijiyar da aka haƙa rabi ba ta shayar da kowa.

ABIN DA KE KAN JAMA'A

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wajibi ne jama'a su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Rufin makarantar firamare da iska ta yaye, da ɗakin shan magani da ba ma'aikaci, da rumfunan kasuwa, da hanyar da ta shiga ƙauye, waɗannan na shugaban ƙaramar hukuma ne da kansilan mazaɓa, waɗanda ake zaɓa a nan, ake kuma haɗuwa da su a wurin suna da jana'iza. Maganar filaye da manyan ayyuka ta Minista ce. Maganar doka da kasafin kuɗi ta sanata ce da ɗan majalisa. Wanda ya tsallake duk waɗannan ya ɗora kome a kan mutum ɗaya da ke fadar gwamnati ya yafe wa mutum goma laifinsu ke nan.

Ya kamata kowace unguwa ta sa masu ilmi daga cikin samarinta su rubuta alkawuran da 'yan takara suka yi a gabanta, da rana da wata, a ajiye takardar wurin mai unguwa. In shekara ta kewayo a ɗauko a karanta. Ɗan siyasa ya fi jin tsoron mai takarda a kan mai zagi.

Haka kuma wanda ya karɓi atamfa ko mudun shinkafa ya sayar da ƙuri'arsa, ya riga ya karɓi rabonsa na shekara huɗu, bakinsa ba shi da nauyin tambaya.

Kada kuma a yi tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka. Babu shugaban da zai yi wa kowa huɗa, ko ya kai 'yar wani makaranta in uban ya ƙi. Ga cibiyoyin ilmi a cikin gari, ga Jami'ar Abuja da aka kafa tun 1988 ba nisa. Yaron Sheda da ya yi karatu shi zai shiga waɗannan ofisoshi ta ƙofar gaba. Wanda bai yi ba sai dai ya yi gadi.

A ƙarshe, in shugaba ya gaza, maganinsa akwatin zaɓe ne. Waɗanda suka gaji da jira a 1983 suka yi maraba da bindiga sun jira fiye da shekara goma sha biyar kafin a sake miƙa mulki ga wanda suka zaɓa. Shekara huɗu ba ta da yawa ga wanda ya riƙe katinsa da takardar alkawuran da aka yi masa.

Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya haɗa su da mashawarta nagari, ya ba talakawa haƙuri da basira, ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da Nijeriya lafiya. Amin.